Yadda ake bin diddigin tarihin jami'a mai zaman kanta a Japan: misalin Keio

Wanda zai rubuta tarihin wata jami'a mai zaman kanta ta Japan, ko yake son tantance ta kafin ya nemi gurbin karatu, kada ya dogara da shekarar da aka rubuta a jikin tambarinta. Kusan kowace tsohuwar jami'a a can tana da ranar haihuwa uku, kuma galibin kuskuren da ake yi daga cakuɗa su yake fitowa.

Ka fara da raba waɗannan ukun a takarda: shekarar da aka buɗe makarantar, shekarar da ta fara kiran kanta jami'a, da shekarar da hukuma ta amince mata da wannan matsayi. Keio ta fara ne a 1858, lokacin da Fukuzawa Yukichi ya buɗe 'yar makarantar koyon harshen Holan a gidan masarautar Nakatsu da ke Edo, garin da ake kira Tokyo a yau. Sashen jami'a bai zo ba sai 1890, da fannoni uku: adabi, tattalin arziki da shari'a. Amincewar hukuma kuwa sai 1920. Tsakanin ta farko da ta ƙarshe shekara 62 ce. Waseda ma haka take: Okuma Shigenobu ya kafa ta a 1882 da sunan Tokyo Senmon Gakko, ta ɗauki sunan jami'a a 1902, ita ma doka ta amince da ita a 1920. Wanda ya rubuta cewa "an kafa jami'ar Keio a 1858" bai yi ƙarya ba, amma ya sa mai karatu ya zaci akwai jami'a a lokacin, alhali ɗaki ne da ɗalibai kaɗan.

Daga nan sai gyaran kwanan wata, kuma a nan ne ya kamata a zauna da kyau. Takardun Japan suna lissafin shekara da zamanin sarauta. Don mayar da ita miladiyya, ƙara 1867 a kan shekarar Meiji, 1911 a kan ta Taisho, 1925 a kan ta Showa, 1988 a kan ta Heisei, 2018 a kan ta Reiwa. Wato Meiji 23 ita ce 1890, Taisho 9 ita ce 1920. Tarko biyu ne a ciki. Na farko, shekarar da aka yi canjin zamani tana da suna biyu: 1912 ita ce Meiji 45, ita ce kuma Taisho 1. Na biyu ya fi cin mutane. Japan ba ta koma kalandar Turawa ba sai 1 ga Janairu 1873. Kafin nan watanninta na ganin wata ne. Idan takarda ta ce "wata na goma" a 1858, ba lallai ne ya zama Oktoba ba, kamar dai yadda Shawwal ba ya nufin Oktoba don kawai shi ne na goma. Ka rubuta "wata na goma bisa tsohuwar kalanda", ka bar shi haka. Sunan Keio ɗin kansa sunan wani zamani ne a wannan lissafi, wanda ya gabaci Meiji: an sa wa makarantar shi a 1868, shekarar ƙarshe ta zamanin Keio, don haka duk takardar da ta girmi wannan shekara ba za ka same ta da wannan suna ba.

Bayan haka ka jera dokokin ƙasa kusa da tarihin makarantar, domin yawancin sauye-sauyen da littattafan jami'a suke jinginawa ga hangen nesan shugabanni, doka ce ta buɗe musu ƙofa. Dokar makarantun ƙwarewa ta 1903 ta sanya makarantu masu zaman kansu a wani mataki da ke ƙasa da jami'o'in gwamnati. Dokar jami'o'i ta 1918 ce ta ba su damar zama cikakkun jami'o'i, da sharaɗin ajiye kuɗin jingina a hannun hukuma: yen 500,000, da ƙarin 100,000 a kan kowace tsangaya bayan ta farko. Wannan ya sa masu tsofaffin ɗalibai masu hannu da shuni suka riga kowa, Keio da Waseda a gaba, sannan Meiji, Hosei, Chuo, Nihon, Kokugakuin da Doshisha a cikin 1920 ɗin. Bayan yaƙin duniya na biyu aka zo da dokar ilimi ta 1947 da dokar makarantu masu zaman kansu ta 1949. Tallafin gwamnati na gudanarwa ya samu dokarsa a 1975.

Girman jami'a kuma da abu biyu ake auna shi: filaye da tsangayoyi. Ga Keio, ta koma unguwar Mita da ke Tokyo a 1871, ta buɗe koyar da likitanci a 1917 ƙarƙashin Kitasato Shibasaburo, ta buɗe harabar Hiyoshi a 1934, sai ta Shonan Fujisawa a 1990. A kan kowace sabuwar tsangaya ka tambayi kanka: gina ta aka yi ko haɗiye ta aka yi? Injiniyancin Keio asalinsa kwalejin Fujiwara ce da aka kafa a 1939, aka miƙa wa Keio a 1944. Tsangayar haɗa magunguna ta shigo a 2008 ta hanyar haɗewa da kwalejin Kyoritsu. Irin waɗannan suna da nasu tarihin da nasu tsofaffin ɗalibai, kuma idan ka zuba adadinsu cikin na jami'a ba tare da bayani ba, jadawalinka zai nuna tsalle a shekara guda wanda ba na haɓaka ba ne.

Game da inda za a samo bayanan, jami'o'in Japan suna da al'adar buga katafaren tarihinsu duk lokacin cika shekara 50 ko 100 ko 150, abin da suke kira nenshi. Ka amince da shi a kan kwanan wata, sunayen shugabanni da yawan ɗalibai. Kada ka amince da shi shi kaɗai a kan lokutan wahala, don mai gida ne yake ba da labarin gidansa. Keio ta shiga matsin kuɗi sosai wajen 1880 har aka koma neman gudummawa don ta tsaya da ƙafafunta. Rundunar sojan ruwan Japan ta yi amfani da Hiyoshi daga 1944, sojan Amurka kuma suka riƙe wurin har 1949. Irin waɗannan shekaru sai an haɗa da jaridun lokacin da kundin intanet na ɗakin karatu na majalisar dokokin Japan.

Ka kuma kula da wane ne mai makarantar. Jami'a mai zaman kanta a Japan tana ƙarƙashin wata hukumar amintattu da ake kira gakko hojin, wadda sau da yawa take riƙe da firamare, sakandare da asibiti. Keio Gijuku ita ce uwar, jami'ar ɗaya ce daga cikin 'ya'yanta. Kasafin kuɗin uwa ba na jami'a ba ne, yawan ɗalibanta ma haka.

Idan ka iso shekarun baya-bayan nan, ka ajiye yawan matasan ƙasar a gefen lissafinka. Masu shekara 18 sun kai kusan miliyan biyu a 1992, yanzu sun sauko zuwa wajen miliyan ɗaya da dubu ɗari. Jami'ar da ta faɗaɗa kafin 1992 ta yi ne lokacin da masu neman gurbi suka fi kujeru yawa. Wadda ta buɗe sabuwar tsangaya bayan haka, sai ka duba ko tana cika gurabenta a watan Afrilu, lokacin da shekarar karatu take farawa.