Kurakuran da aka fi yi wajen haɗa jakar gudun ambaliya a Accra

A daren Laraba, 3 ga watan Yuni na 2015, ruwan kogin Odaw ya shigo ɗakinmu a Alajo kafin mu gama naɗe tabarma. An ɗauke wuta, maiɗakina ta goya ƙaramin yaronmu, ni kuwa na durƙusa cikin duhu ina laluben akwatin da ke ƙarƙashin gado, wanda na tara fasfo da takardun haihuwar yara da shaidar makarantata a ciki. Ko da na jawo shi, ruwa ya riga ya cika shi, takardun sun manne da juna kamar danƙo. A wannan daren ne man fetur ya malala a kan ruwa a wani gidan mai da ke kusa da Kwame Nkrumah Circle, ya kama da wuta, mutum fiye da 150 suka rasu, da yawansu masu fakewa ne daga ruwan sama. Allah Ya jiƙansu. Mu mun tsira da rai, amma na shafe watanni ina zarya daga wannan ofis zuwa wancan kafin na sake samun takardun. Tun daga lokacin nake ajiye jakar gaggawa, nake kuma duba ta 'yan'uwa da maƙwabta, kuma kurakuran da nake gani kusan iri ɗaya ne.

Tushensu duka shi ne kwaikwayo. Matasanmu suna kallon bidiyon mutanen Amurka a YouTube, inda wani yake nuna jaka cike da tanti da gatari da ƙugiyar kamun kifi, domin yana shirin kwana a daji shi kaɗai. Wanda ke zaune a Nima ko Maamobi ko Sabon Zango ba daji zai nufa ba. Abin da ke gabansa shi ne ruwa da ya taso tsakar dare ya cika lungu, ko gobara da ta kama ɗakunan katako da ke manne da juna, kuma inda zai ƙare shi ne masallaci, ko ajin makaranta, ko gidan ɗan'uwa da ke kan tudu, cikin cunkoson mata da yara da tsofaffi. Duk abin da za a saka a jakar, a auna shi da wannan dare.

Daga wannan kwaikwayo ne maganar bindiga ta shigo, kuma ita ce kuskuren da ya fi damuna. Wani ɗan ƙanena ya taɓa ce mini, "Kawu, idan gari ya rikice, ai sai da abin kare kai." Na ce masa ya fara tunanin dokar ƙasar da yake zaune a ciki. A Ghana, sashe na 192 na dokar manyan laifuka ta 1960 ya sanya riƙe bindiga ko harsashi ba tare da izini ba cikin laifuka masu daraja ta ɗaya, kuma ambaliya ba ta zama uzuri a gaban alƙali. Bindigar da maƙera ke ƙerawa a ɓoye, wadda wasu suke ganin ta fi araha, tana cikin wannan hukunci, ban da cewa tana iya fashewa a hannun mai ita. Ko wanda ya mallaki lasisi daga rundunar 'yan sanda, dokar makamai ta 1972 ta hana shi fito da makamin a bainar jama'a ko harba shi ba tare da izini ba, lasisin kuma sabunta shi ake yi duk shekara.

Ko da an ajiye doka a gefe, a duba yadda jakar take rayuwa a wurin fakewa. Ana ajiye ta a ƙasa, mai ita ya tafi alwala ko layin karɓar abinci, yaro ɗan shekara shida ya zuge zif yana neman biskit. Dare kuma ya yi, babu wuta, kowa a firgice, wani ya zo yana taɓa ƙofa yana neman matarsa. A irin wannan wuri makami yakan ƙara wa musiba musiba. Gyaran a bayyane yake: bindiga ba ta shiga jakar iyali. Mai lasisi ya ajiye tasa tun kafin damina a akwatin ƙarfe mai makulli, a wuri mai tsayi da ruwa ba ya kaiwa, babu harsashi a cikinta, harsashin kuma a kulle a wani wuri dabam. Takardar lasisin ce kaɗai za ta bi sauran takardu cikin jaka. Idan ruwa ko gobara ta ci gidan, ko makamin ya ɓace, ya sanar da 'yan sanda ba tare da jinkiri ba. Wanda kuma yake riƙe da marar rajista, ya nemi hanyar miƙa ta ga hukuma tun ana zaman lafiya. Tsaron da na ga ya yi aiki a unguwanninmu shi ne na maƙwabta da suka san juna, suka fita tare, suka bar matasa biyu ko uku suna lura da lungu daga wuri mai tudu.

Sai takardu, inda ni kaina na faɗi. Mutane suna zuba su a ambulan na takarda ko a ledar kasuwa mai huji, su ɗauka sun tsare su. A saka Ghana Card, wato katin shaidar ɗan ƙasa, da katin inshorar lafiya da fasfo da takardun haihuwa da na gida a leda mai zif, a saka wannan a cikin wata, sannan a gwada ta da farar takarda a bokitin ruwa kafin a yarda da ita. Tun daga 2022 banki ba ya sauraron mutum sai da Ghana Card, layin waya ma da ita aka yi masa rajista, saboda haka rasa ta yana toshe ƙofofi da yawa lokaci guda. A ɗauki hoton kowace takarda a aika wa amintaccen ɗan'uwa a Kumasi ko Tamale, domin wayar da hotunan ke ciki ita ma ruwa na iya cinye ta.

Nauyi kuskure ne da ba a gane shi sai an fita. Na ga jakar da aka cusa wa shinkafa ɗanya da tukunya da atamfofin aure, har namiji mai ƙarfi yana nishi kafin ya ɗaga ta. Ruwa mai gudu da zurfinsa bai wuce santimita 15 ba yana iya kayar da babban mutum, balle wanda ke rungume da kaya a hannu biyu yana taka gefen kwatar da ba ya gani. A zaɓi jakar goyo domin hannaye su zama a sake, ɗaya na riƙe yaro, ɗaya na riƙe tocila, sannan a goya ta a zagaya unguwa na rabin awa a ji ko za a iya. Abinci ya zama wanda ba ya buƙatar wuta: gari da sukari, gyaɗa, ƙuliƙuli, dabino, kifin gwangwani. Ruwan leda ɗaya rabin lita ne, babba kuma yana buƙatar wajen shida a yini domin sha kawai, don haka a ɗauki na yini guda, a haɗa da ƙwayoyin tsarkake ruwa da gishirin ORS. Duk wanda ya ga kwalarar da ta addabi Accra a 2014 ya san abin da gurɓataccen ruwa ke yi.

Akwai masu saka kyandir da ashana a matsayin fitila. Bayan abin da ya faru a Circle, bai kamata kowa ya kunna wuta a bakin ruwan ambaliya ba, domin ba a san abin da ke yawo a samansa ba. Tocila da batir na ajiya sun wadatar, tare da abin cajin waya da aka cika, da usur na kiran agaji. Silifas ma ruwa yake fizge su a taku na farko, ya bar ƙafa ga fasassun kwalabe da kwanon rufi, saboda haka takalmi mai rufi ya kwana kusa da jakar.

Dogaro da MoMo kaɗai, wato kuɗin da ke cikin waya, shi ma yana ba da kunya, domin ranar da aka ɗauke wuta, waya ta jiƙe, mai rumfar cire kuɗi shi ma yana can yana kwashe kayansa. A ajiye 'yan sidi a ƙananan takardu, abin da zai isa kuɗin motar haya ta trotro da abincin kwana biyu, kuma kada a mayar da su asusun cefane. A rubuta lambobin dangi a takarda, a sa 112 ta kiran gaggawa a sama, domin kaɗan ne cikinmu suka haddace lambar kowa yanzu.

Abin da aka fi mantawa shi ne maganin tsofaffi. Hajiya mai hawan jini ko Baba mai ciwon sukari ba za su iya jira a buɗe kantin magani ba. A ware na mako guda tare da takardar likita, a riƙa musanya shi da sabo kafin wa'adinsa ya ƙare, a haɗa da tabarau, da audugar mata, da abin da jariri ke buƙata.

Jakar da aka haɗa da kyau kuma aka tura ƙarƙashin gado, ko aka kulle a ɗakin maigida alhali yana kasuwa, ba ta amfani kowa ba. A rataye ta a ƙusa kusa da ƙofa, sama da inda ruwa ya taɓa kaiwa, wanda alamarsa takan zauna a jikin bango. Kowa a gidan ya san wurinta, a kuma yanke tun yanzu masallacin ko gidan da za a haɗu idan an rarrabu, da hanyar da ba ta bi ta bakin kwata. Idan jami'an NADMO, hukumar kula da bala'o'i ta ƙasa, ko hukumar hasashen yanayi suka yi gargaɗi, a fita tun ruwa yana idon sawu, kuma kada a koma domin talabijin ko firiji. Ni nakan sauke tawa a watan Maris, kafin manyan ruwan Mayu da Yuni, in canza batir da magani, in gwada wa yara tufafin da ke ciki ko sun yi musu kaɗan, sannan in sake dubawa a watan Satumba kafin ƙaramar damina.