Yadda alƙalin wasa zai bi da iyaye masu tayar da hankali a gasar ƙwallon yara

A yawancin filayen da yaran unguwannin Nima da Mamobi da Sabon Zango a Akara, babban birnin Gana, suke buga gasar kolts, wato gasar ƙwallon yara, babu shinge tsakanin 'yan kallo da 'yan wasa. Uban da ya zo kallon ɗansa yana tsaye ne taku biyu daga mai riƙe da tuta, kuma ya san labarin tauraron ɗan ƙwallon Gana Mohammed Kudus, wanda ya tashi a Nima, ya buga wa ƙungiyar Strong Tower, kafin makarantar koyon ƙwallo ta Right to Dream ta ɗauke shi. Idan aka busa usur a kan ɗansa, gani yake makomar gidansa aka taɓa. Alƙalin da ya fahimci haka ba zai ɗauki ihun uban a matsayin ƙiyayya ba, amma kuma wajibi ne ya hana ihun ya kai ga cutar da yara.

Kafin komai, kai alƙali, ka san iyakar ikonka. Doka ta 5 cikin dokokin ƙwallon ƙafa ta ba ka damar tsayar da wasa, ko dakatar da shi, ko soke shi saboda katsalandan daga waje, kuma tun shekarar 2019 kana iya ɗaga wa koci da jami'an ƙungiya katin gargaɗi ko jan kati. Amma ba ta ba ka kati a kan ɗan kallo ba. Saboda haka hanyarka zuwa ga uba ko uwa ta hannun koci take bi, kuma duk sauran matakan a kan wannan suke tafiya.

Aikin yana farawa tun kafin take wasa. Ka iso da wuri, ka zagaya filin, ka nemi a ja igiya ko a jera alamomi taku uku ko huɗu daga layin gefe. Ka sa iyaye su tsaya a ɓangare guda, ƙungiyoyin biyu a ɗaya ɓangaren, kuma kada ka yarda kowa ya tsaya a bayan raga, domin can ne ake rikita yaro mai tsaron gida. Sannan ka duba katunan rajistar 'yan wasa a gaban kocin kowace ƙungiya, saboda zargin rage shekaru yana cikin abubuwan da suka fi hura wuta a gasar yara, kuma gara a yi gardamarsa kafin a jefa ƙwallo a raga. A nan ne za ka gaya wa kocin kowane ɓangare cewa magoya bayansa suna wuyansa, ka kuma tambaye shi wane dattijo ne a wurin da jama'a suke jin maganarsa.

Da wasa ya kankama, ka bambance ƙorafi da cin zarafi. Wanda ya ce "Alƙali, ba ka ga satar gida ba?" ka bar shi da iska, kada ma ka waiwaya. Abin da ba a kawar masa da kai shi ne zagin yaro, ko barazana gare ka da mataimakanka, ko taka cikin fili. Idan ɗaya daga cikinsu ya faru, ka jira ƙwallo ta fita, ka taka zuwa wurin kocin ba tare da gudu ba, ka ce masa da murya ƙasa ƙasa: "Koci, mutumin nan mai farar hula yana zagin yaro mai lamba bakwai. Ka je ka yi masa magana, ina jiranka." Ka tsaya a inda kake har ya je ya dawo, domin tsayuwar wasan ita kanta saƙo ce ga sauran iyaye.

Wannan mataki ya fi muhimmanci ga alƙalai matasa da Hukumar Ƙwallon Ƙafa ta Gana take horarwa a shirinta na Catch Them Young. A Zango, saurayi ba ya ɗaga wa sa'an mahaifinsa murya a bainar jama'a, kuma idan ya yi, ko da yana da gaskiya, mutane za su koma bayan dattijon. Idan ta kama dole ka yi magana da kanka, ka fara da gaisuwa, ka ce: "Baba, don Allah a ja baya kaɗan, yaran suna buƙatar wuri." Kada ka nuna shi da yatsa, kada kuma ka shiga bayanin hukuncin da ka yanke, domin da zarar an ci gaba da wasa doka ba ta yarda ka canza shi ba.

Akwai hali guda da yake buƙatar tausasawa. Uwar da ta ga ɗanta ya faɗi bai tashi ba, ta yar da mayafinta ta ruga cikin fili, tsoro ne ya kawo ta. Ka tsayar da wasa, ka kira mai ba da taimakon farko, ka bar ta ta tsaya kusa, sai dai ka roƙe ta kada ta ɗaga yaron ko ta jijjiga shi, musamman idan a ka ko a wuya ya bugu.

Idan mai tayar da hankalin ya ƙi jin maganar koci da ta dattijo, sai ka dakatar da wasan. Ka mayar da yara wurin kocinsu, nesa da mai rigimar, ka sanar da masu shirya gasar cewa ba za a ci gaba ba sai ya bar bakin fili, ka kuma faɗi mintunan da za ka jira. Fitar da shi aikinsu ne, kai kada hannunka ya taɓa jikinsa. Idan kuma ya shigo ana cikin wasa har ya taɓa ƙwallo ko ya tare yaro, da sakin ƙwallo daga hannunka za a ci gaba bayan an fitar da shi.

Da zarar an jefa dutse, ko an kai wa wani hannu, ko taro ya cika fili, ka soke wasan, kada ka tsaya lissafin mintunan da suka rage. Mutanen Akara ba su manta da ranar 9 ga Mayu, 2001 ba, lokacin da fushin 'yan kallo a wasan Hearts of Oak da Asante Kotoko ya kai ga jifa, 'yan sanda suka harba barkonon tsohuwa, fiye da mutum 120 suka rasu a turmutsutsu, cikinsu har da matasan Nima. Filin unguwa ƙarami ne, amma waɗanda suke tsakiyarsa yara ne da ba za su iya kare kansu ba. Kada ka bayyana wanda ya ci wasan da aka soke, wannan hukuncin masu gasar ne.

Ka bar filin tare da mataimakanka, bayan ka ga yara sun koma hannun manyansu. A ranar ka rubuta rahoto tun abin yana sabo a kanka: minti nawa ne, wace ƙungiya mutumin yake goyon baya, ainihin kalmomin da ya furta, matakin da ka ɗauka da abin da kocin ya yi ko ya ƙi yi. Ka rubuta abin da idonka ya gani kawai, ka sa mataimakanka su rubuta nasu, sannan ka miƙa wa hukumar da ta turo ka, ka ajiye kwafi a wurinka domin ranar da kwamitin ladabtarwa zai kira ka.