Yadda zaka raini kiristal na alif a ɗakinka, ko a danshin Legas

Ɗaliban kemistiri da fiziks da aka ba furojet kan kiristal, musamman 'yan uwanmu na jami'o'in Legas da ke Akoka da Ojo, wannan naku ne. Kafin kaje kana bin layin injin XRD, mai haska X-ray don gano tsarin cikin kiristal, fara haɗa naka kiristal ɗin da hannunka, kuma ni dai alif nake ba shawara ba gishiri ba, don gishiri a garin nan kullum a jiƙe yake, da danshin iska ya haura kashi 75 sai ya kama tsotsar ruwa.

Ka nemi alif na fotash, farin nan mai sheƙi irin na masu aski. Amma a kula, wani alif ɗin da ake sayarwa na tace ruwa sinadarinsa daban ne, bazai baka siffar kiristal ɗin da ake nema ba ko ka kwana kana addu'a.

Ruwa mililita 100 mai zafin digiri 50 na Celsius yana narkar da kusan giram 36 na alif, in ya huce zuwa 20 kuwa 14 kawai yake iya riƙewa, to ragowar nan ita ce zata fito ta zama kiristal. Kayi ta zubawa kana juyawa har ya ƙi narkewa, ka tace, ka ɗan zuba a faranti ya kwana. Da safe zaka ga ƙwayoyi, zaɓi ɗaya garai-garai, shine irinka. Ɗaure shi da zaren kamun kifi, banda na auduga don gashinsa yana haifar da wasu 'ya'yan, ka rataya a fensir cikin kwalbar da ka zuba sauran ruwan alif ɗin bayan ruwan ya huce sarai, in da ɗumi irin narkewa zaiyi kana kallo.

Daga nan sai haƙuri. Rufe da takarda, nesa da rana, nesa da jijjigar janareto. Danshin da muke ta ƙorafi a kai anan taimako yake, ruwan a hankali yake ƙafewa sai kowace ƙwayar zarra ta samu lokacin zama a gurbinta. Ni karon farko gaggawa tasa na ajiye a taga, wallahi wani dunƙule na samu kamar sukarin da ya daskare.

Bayan sati biyu zuwa uku zaka ga fuska 8, kamar dala biyu an haɗa gindinsu. Auna kusurwar tsakanin fuskoki biyu masu maƙwabtaka, kusan digiri 109.5 ce ko kiristal ɗin ƙarami ne ko babba. Irin wannan daidaiton Nicolas Steno ya lura dashi tun 1669, amma sai 1912 Max von Laue ya haska X-ray ya tabbatar jerin ƙwayoyin zarra na ciki ne ke jawo shi, a 1913 kuma masanin fiziks William Bragg da ɗansa suka fitar da tsarin gishiri. Lissafinsu nλ = 2d sinθ (λ tsawon zangon X-ray, d tazarar jerin ƙwayoyin zarra, θ kusurwar hasken, n cikakkiyar lamba) shi zakayi amfani dashi in ka niƙa ɓalli ɗaya ka kai lab, yawancin injinan λ ɗinsu 1.54 angstrom ne, wato ma'aunin tsayi na girman ƙwayar zarra.

In zaka tafi dashi gida arewa da hunturu saka shi a kwalba mai murfi, busasshiyar iska tana janye ruwan jikinsa ya koma fari fat kamar alli.