Yadda ake kallon iskar gas tana haɗuwa a kan filatinam, atam bayan atam

Idan kana son sanin yadda na'urar tace hayaƙi da ke cikin salansar mota take haɗa gubar kabon monoksaid da oksijin ta mayar da ita kabon dayoksaid, kada ka fara da salansar. Ƙarfen cikinta da ke yin aikin, irin su filatinam, ɓarɓashi ne, ga datti ga zafi, ba abin da za ka gani. Mu ɗan faifan filatinam muke samowa, faɗinsa kamar santimita ɗaya, wanda aka yanka ta fuskar da ake kira Pt(111). A nan atam suke jere sahu-sahu, tsakanin ɗaya da ɗaya kusan nanomita 0.28 (nanomita kashi ɗaya ne cikin miliyan na milimita).

Aikin farko zuƙe iska. Faifan yana zama cikin tukunyar ƙarfe da aka rufe ruf, famfuna suna jan iskar har matsinta ya sauko wajen 10⁻¹⁰ na miliba (ma'aunin matsin iska), wato kusan babu iska ke nan. Dalili kuwa, a 10⁻⁶ cikin 'yan daƙiƙoƙi iska za ta lulluɓe fuskar ƙarfen, amma a 10⁻¹⁰ kana da sa'o'i kafin ta ƙazantu. Ba a kai wannan matakin sai an gasa tukunyar: a naɗe ta da wayoyin zafi da takardar alminiyam, ta kwana ɗaya ko biyu a zafin da ya ɗan haura digiri 100, ruwan da ya manne a bangonta ya fita. Kuma don Allah kada ka taɓa komai na ciki da hannu tsirara. Maiƙon yatsa ɗaya ya isa ya ɓata maka mako.

Sai wanke faifan, ba da ruwa ba. Ana harbinsa da iskar agon mai caji ta kankare saman, sannan a ɗumama shi ya haura digiri 700 don atam su koma mazauninsu. Kabon kan taso daga cikin ƙarfen, sai a ƙone shi da 'yar iskar oksijin. A maimaita, a sake maimaitawa. Ni ba na yarda faifai ya tsarkaka sai na'urar LEED, wadda ke nuna tsarin jeruwar atam a fuskar ƙarfe, ta nuna min ɗigo shida masu kaifi a kewaye. In sun yi dishi-dishi, da sauran aiki.

Idon namu shi ne STM, na'urar da Gerd Binnig da Heinrich Rohrer suka ƙera a Zurik a 1981. Allura ce ta tangistin, tana shawagi ƙasa da nanomita ɗaya a kan ƙarfen ba tare da ta taɓa shi ba, tana laluben sa kamar makaho da sandarsa. 'Yar wutar lantarkin da ke tsallakawa tsakaninsu ita ake mayarwa hoto. Girgiza kaɗan, ko takun mutum a baranda, sai hoton ya yamutse, shi ya sa na fi son aikin dare.

To, ga inda ake yawan kuskure: wace iska za a fara saki? Oksijin. Ita ƙwayarta atam biyu ce, sai ta samu gurbi biyu a jere a fuskar ƙarfen kafin ta rabe gida biyu ta zauna. In kabon monoksaid ta riga ta, za ta mamaye ko'ina ta hana ta wuri, shi ke nan babu haɗuwa. Saki oksijin, za ka ga atam ɗinta sun taru tsibiri-tsibiri. A hoton baƙaƙe suke fitowa tamkar ramuka, alhali a sama suke zaune, don haka kada hoton ya ruɗe ka. Daga nan ka sanyaya faifan ƙasa da sifili don abin ya tafi a hankali, ka buɗe wa kabon monoksaid ƙofa kaɗan-kaɗan, kana ɗaukar hoton wuri ɗaya a kai a kai.

Abin da ya kamata ka zuba wa ido shi ne bakin tsibiran. Rukunin Gerhard Ertl na Cibiyar Fritz Haber da ke Balin sun nuna a 1997 cewa a kan iyakar nan ake haɗuwar, tsibiran oksijin suna zaizayewa daga gefe. Ertl ɗin ya samu kyautar Nobel ta kimiyyar sinadarai a 2007. Don haka auna tsawon bakin tsibiri a kowane hoto, ka gwada shi da saurin ɓacewar oksijin. Kabon dayoksaid ɗin kuwa ba za ka gan ta ba, tana samuwa take tashi. Shaidarta tana wurin na'urar auna nauyin ƙwayoyin iska, a lamba 44, wato nauyin ƙwayarta, sai dai wannan gwaji ne na daban: ka shirya faifan yadda ka yi a baya, ka kawo shi gaban na'urar, ka ɗumama shi a hankali kana duba lokacin da lambar za ta tashi.