Darasi na 9: Idan Hannu Ya Sage

Ku ɗora yatsunku a gindin wuya. Za ku ji wani ƙashi a gicciye, ya nufi kafaɗa. A ƙarƙashinsa akwai haƙarƙari na farko. Tsakanin ƙasusuwan nan biyu akwai 'yar siririyar hanya. Ta nan jijiyoyin ji da motsi suke sauka zuwa hannu, tare da manyan jijiyoyin jini biyu: ɗaya ta kai jini hannu, ɗaya ta mayar da shi zuciya. Idan hanyar ta matse, jijiyoyin sai su takura.

Ku dubi ɗan dako a kasuwar Farin Gada, buhun dankali a kafaɗa tun asuba. Ku dubi tela da ke wuni a sunkuye kan keke, ko mai fenti da hannunsa ke sama har la'asar. Irin wannan aiki yana danne wurin. Wani kuma bayan hatsarin mota ne abin ya same shi, wani da ƙarin haƙarƙari a wuya aka haife shi.

Mafi yawan lokaci jijiyoyin ji ne ke matsewa. Wuya da kafaɗa su riƙa ciwo, ƙaramin yatsa da na kusa da shi su sage kamar ana tsira allura, kofi ya riƙa suɓucewa daga hannu. A nan Jos, da mun ji haka sai mu ce sanyi ne, mu shafa man zafi mu koma aiki. Abin yana damuna, domin hannun nan shi ke ciyar da gida.

Ku je asibiti a duba. Ciwon sukari ma yana sa hannu ya sage, likita ne zai bambance. Sau da yawa gashi da motsa jiki da gyaran zama sun isa. Tiyata sai ta kama. Ku rage kaya, ku sa baro idan akwai, ku riƙa sauke hannu kuna hutawa.

Amma idan hannu ya kumbura ya yi duhu, ko ya yi fari fat da sanyi, hanyar jini ce ta toshe. Kada a kwana, a tafi asibiti nan take.

Aiki: Ku rubuta kalmomin nan: wuya, kafaɗa, jijiya, haƙarƙari. Sannan kowa ya nuna wa na kusa da shi ƙashin da muka fara taɓawa.