Yadda za ka auna zargin shan giya da aka jingina wa mai neman shugabanci

A Damagaram da wuya mutum ya fito neman muƙami, ko na magajin gari ne ko na ɗan majalisa ko shugabancin ƙungiyar ƴan kasuwa, ba a samu wani a fada ya rage murya yana tsiyaya shayi ya ce, "Ai wane yana ɗan taɓawa" ba. Kafin la'asar maganar ta tashi daga Birni ta isa Zango a bakin ƴan kabu-kabu, kuma wanda aka ce yana taɓawa da safe ya zama wanda aka kwasa a cikin kwata. Haramcin giya ba abin gardama ba ne a wurin Musulmi, domin aya ta 90 a Suratul Ma'ida ta yanke magana. Abin da ya rage wa mai zaɓe shi ne ya san yadda zai tabbatar da zargin, sa'annan ya san nauyin da zai ba shi.

Ka fara da tambayar wanda ya kawo maka labarin ko da idonsa ya gani, kuma a ina, kuma yaushe. Mafi yawan lokaci amsar ita ce "an ce", kuma idan ka bi sawun "an ce" ɗin za ka tarar ya ƙare a zauren abokin hamayya. Aya ta 6 a Suratul Hujurat ta umarce mu da mu yi bincike idan fasiƙi ya zo da labari, aya ta 12 kuma ta hana leƙen asirin mutane, saboda haka ba a ce ka sa yara su bi motar mutum da dare ba. Malaman fiƙihu ba sa tabbatar da laifin shan giya sai da iƙirarin mai shi ko shaidu biyu adilai, kuma kai da ba alƙali ba bai kamata ka fi su saurin yanke hukunci ba. Hoton da aka turo maka ta WhatsApp, na kwalba a kan tebur, ba shaida ba ne. A nan Nijar dokar ƙasa ba ta hana sayar da giya ba, ba kamar Kano ba inda aka ƙaddamar da shari'a a 2000 kuma Hisba kan farfasa kwalabe, don haka ana iya ganin kwalba a teburin liyafar da mutum bai kurɓi komai ba sai lemo.

Idan zargin ya tsaya da ƙafarsa, sai ka duba abin da ya fito fili a aikin mutumin, domin nan ne haƙƙin jama'a yake. Shin yana zuwa taron ƙarfe tara na safe, ko kuwa kullum sai an ce "Alhaji bai tashi ba"? Shin abin da ya yi alkawari da dare yana tuna shi da safe? Wayarsa tana shiga bayan isha'i idan gobara ta tashi a kasuwa ko famfo ya ƙafe a unguwa? Na taɓa zama a kwamitin wata ƙungiya da shugabanta ba ya isowa sai rana ta take, yana ƙamshin turare mai yawa, goro cike da baki, hannunsa na rawa har shayi na zuba a kan takardu. Ba mu taɓa ganinsa da kwalba ba. Abin da muka gani shi ne hatimin ƙungiya ya koma aljihun magatakarda, kuma duk mai buƙatar sa hannu ya san lokacin da ake samunsa cikin sauƙi. Wannan ne babban haɗarin, domin shugaban da giya ta fi ƙarfinsa ba shi ke mulki ba, waɗanda ke saya masa da masu rufa masa asiri su ke yi, kuma ba su aka zaɓa ba. Sai dai a yi hattara, rawar hannu da jan ido kaɗai ba hujja ba ne, tunda ciwon sukari da rashin barci da wasu magunguna suna kawo irinsu.

Ƙasashen da shan giya ba abin kunya ba ne a wurinsu ma da wannan ma'auni suke awo. A watan Satumba na 1994 jirgin shugaban Rasha Boris Yeltsin ya sauka a filin Shannon na ƙasar Ailan, firayim minista Albert Reynolds yana tsaye yana jira, amma Yeltsin bai fito ba, duniya kuma ta alaƙanta abin da shan da aka san shi da shi. A 1989 majalisar dattawan Amurka ta ƙi amincewa da John Tower a matsayin sakataren tsaro da ƙuri'a 53 a kan 47, kuma zargin shan giya na cikin dalilan. A Birtaniya Charles Kennedy ya sauka daga shugabancin jam'iyyarsa a watan Janairun 2006, kwana biyu bayan ya amsa cewa yana fama da matsalar.

Daga nan sai ka bambanta mai sha a yanzu da wanda ya sha ya bari. George W. Bush ya daina sha a 1986 yana da shekara 40, ya zama shugaban Amurka a 2001. A ganina wanda ya tuba shekaru suka shuɗe, maƙwabta da abokan aikinsa suka shaida, tono masa tsohon laifi zalunci ne, kuma yana koya wa matasan da ke ƙoƙarin rabuwa da taramol cewa tuba ba ta da amfani. Wanda kuwa ya ce ya bari a makon da aka soma yaƙin neman zaɓe, sai a ba shi lokaci a gani, ba a ba shi kujera ba tukuna.

Idan ɗan takarar naku ne, kada ku kai maganar rediyo ko Facebook. Ku zaɓi dattawa biyu ko uku da yake jin nauyinsu, ciki har da limami ko baffansa, su same shi a gida da hantsi lokacin da kansa yake daidai, su faɗa masa ranaku da tarukan da ya ɓata ɗaya bayan ɗaya ba tare da zagi ba, su nemi ya janye a wannan karon. Kada su tilasta masa rantsuwa da Alƙur'ani cewa daga yau ya bari kwata-kwata, domin wanda jikinsa ya saba da giya idan ya yanke ta farat ɗaya yana iya kamuwa da jijjiga da gane-gane cikin kwana biyu zuwa uku, har a rasa rai. Ɗaya daga cikinsu ya raka shi babban asibitin Damagaram ya ga likita, kuma idan dama yana riƙe da wani muƙami, hatimi da takardun kuɗi su zauna a hannun mutum biyu har ya dawo.