Yadda Za A Tsare Gidan Gado A Zangon Kumasi Don Ya Amfani Matasa

A unguwannin Aboabo da Asawase na Kumasi, ɗaki guda shi ne ke raba matasa biyu masu sana'a iri ɗaya. Wanda ya gaji ɗaki a gidan kakansa yakan zuba ribarsa cikin jari, shi kuwa ɗan haya sai ya tara kuɗin shekara biyu ya miƙa wa mai gida, duk da cewa dokar haya ta Ghana ta 1963 ta kayyade wata shida. Saboda haka, duk mai gida ya fara shiri tun yana da ƙarfinsa.

Abu na farko shi ne takardu. A fito da su daga akwatin ƙarfen da ke ƙarƙashin gado, a duba sunan da ke kansu da shekarun da suka rage na hayar filin, domin yawancin filayen Kumasi na Kujerar Zinariya ne, wato karagar mulkin Asantehene, sarkin Asante, haya ake bayarwa. Idan ba a yi rajista ba, a bi ta ofishin filaye na Asantehene da Hukumar Filaye ta ƙasa.

Sai wasiyya, wadda a nan ne mutanenmu suka fi sakaci, wai don kada a kira mutuwa. Wanda ya rasu bai bar rubutacciyar wasiyya ba, kotu za ta koma ga dokar gado ta 1985, kuma rabonta ya saɓa da na Musulunci. Mai son a bi shari'a ya zauna da malami da lauya tare, ya rubuta, ya sa hannu a gaban shaidu biyu waɗanda ba su da rabo a ciki. A ganina, babu inda sulusin da addini ya halatta ya fi dacewa kamar jikan da mahaifinsa ya riga kakan rasuwa, tunda 'yan'uwan mahaifinsa maza sun tare shi daga gado, kuma shi ne ake fara cewa ya kwashe kayansa.

Bayan rasuwa, a fara neman takardar izinin kula da dukiya daga kotu, sannan a biya bashi kafin a raba komai. Idan gidan ba zai rabu ba, kada a yi gaggawar sayarwa. A ba da ɗakunan haya, a rubuta abin da ya shigo a littafi, 'ya'ya mata da ke gidan aure su ma su karɓi nasu kason.